Yadda Ake Ƙulla Igiya: Daga Wuyan Rago Zuwa Lodin Mota

Ina ɗan shekara 14 aka sayo mana ragon layya, saura kwana biyu Sallah. Mahaifina ya miƙo mini igiya ya ce in kai shi bayan gida in ɗaure. Na yi abin da nake ganin ana yi. Na zarga masa igiyar a wuya, ɗaya bakin kuma na ɗaure a turke, ƙulli kan ƙulli har huɗu, don kada ya tsere. Cikin dare ragon ya yi ta zagaya turken, igiya na gajarcewa, zargen na shiga wuyansa. Da asuba muka tarar ya zama mushe. Mahaifina bai taɓa ni ba. Wuƙa ya nema, domin ƙullin nan huɗu sun ƙi kwancewa. Ya yanke igiyar, ya zaunar da ni, ya nuna mini ɗaurin da ya kamata in yi. Nunin bai kai minti biyu ba.

Tun ranar na daina auna ƙulli da yawansa. Abu uku nake nema a wurinsa: ya riƙe idan nauyi ya hau, ya kwance idan na so kwance shi, kuma ya zama shi ne ya dace da aikin. Akasarinmu ƙulli ɗaya muka iya, shi muke maimaitawa ga akuya da guga da kayan mota. Bakwai zan nuna maka a nan. Ka nemi igiya mai kaurin yatsa, tsawon mita biyu, da wata siririya, ka zauna kusa da ƙafar kujera ko turken rumfa. Karatu kawai ba ya koyar da wannan, sai igiya tana hannunka.

Fara sanin igiyar

Igiyar da muka gada tufka ce. Ana jiƙa karan rama a saɓe ɓawonsa, ko a tsaga kaba, ko a ɓare ɓawon kuka, a murza zaren ya zama sili, sannan a haɗa sili biyu ko uku a tufke. Sirrin yana cikin murɗin: kowane sili an murɗa shi ta gefe ɗaya, haɗin kuma an murɗa shi ta ɗaya gefen. Murɗin biyu suna ja da juna, shi ya sa igiyar ba ta warwarewa. Irin wannan igiya tana da kaushi, ƙulli yana zama daram a jikinta. Aibinta ruwa. Idan ta jiƙe takan kumbura, ƙullin ya ƙame, idan kuma aka ajiye ta a jiƙe sai ta ruɓe daga ciki.

Ta kanti kuwa, duk nailan muke ce mata, amma ba iri ɗaya ba ce. Nailan na ainihi, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a Amurka a 1935, yana da ƙarfi, yana miƙewa kamar roba idan an ja shi, kuma yana nutsewa a ruwa. Shuɗiyar nan mai araha da ta cika kasuwa yawanci folifurofilin ce. Ba ta da nauyi, tana iyo a kan ruwa, amma tana da santsi, kuma rana tana cinye ta. Idan kana so ka rarrabe, yanki guntu ka jefa a bokitin ruwa. Wannan bambanci yana da amfani, domin ƙullin da zai kwana lafiya a igiyar rama yana iya zamewa a shuɗiyar nan kafin la'asar.

Ka kuma riƙe wannan: kowane ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi, domin yana lanƙwasa ta sosai a wuri ɗaya. Wani ƙullin yana cin kusan rabin ƙarfinta. Shi ya sa idan igiya za ta tsinke, yawanci a bakin ƙulli take tsinkewa. Wanda ya jera ƙulli biyar bai ƙara wa ɗaurinsa ƙarfi ba.

Sunayen sassa

Kafin mu shiga, sai mun yarda da sunaye, in ba haka ba bayanin zai rikice. Ga waɗanda nake amfani da su idan ina koya wa yara. Ƙarshen da ke hannunka, wanda kake zagayawa da shi kana cusawa, shi ne baki. Doguwar da ta tafi wurin dabba ko kaya, wadda nauyi zai hau, ita ce jiki. Idan ka naɗe igiya ta dawo gefen kanta ba tare da ta haye ba, kamar kofaton doki, wannan lanƙwasa ce. Idan ta haye kanta ta rufe, ta zama zobe. Abin da ya rage na baki bayan an gama ƙulli shi ne wutsiya. Zarge kuwa kowa ya san shi: zoben da ke ƙara matsewa duk lokacin da aka ja. Aikin ƙulli kuma iri uku ne: ko ka ƙulla igiya a kanta, ko ka haɗa ta da wata igiyar, ko ka ɗaura ta a jikin wani abu kamar turke ko ƙarfe.

Sabuwar igiya, kafin komai, a tsare bakinta kada ya warware. Ta roba, ka kanga mata wuta har ƙarshen ya narke ya haɗe, amma kada ka danna da yatsa, narkakkiyar roba tana manne wa fata. Ta rama ba ta narkewa, naɗewa ake yi. Ɗauki zare mai ƙarfi, ka kwantar da 'yar lanƙwasa a jikin igiyar tana kallon ƙarshe. Naɗe zaren a kanta tamau, layi kusa da layi, kana tafiya wajen ƙarshen, har naɗin ya kai tsawon kaurin igiyar ko ya ɗan fi. Cusa bakin zaren cikin lanƙwasar, ka ja ɗaya bakin daga baya har ta shige ƙarƙashin naɗin, ka datse abin da ya yi saura.

Ƙullin takwas

Wannan na toshe baki ne, don kada igiya ta zare daga huda, kamar hudar tampol ko kunnen jarka. Ɗora baki a kan jiki ka yi zobe. Zagaya da bakin ta bayan jiki. Dawo da shi gaba ka cusa cikin zoben daga sama. Ja. Idan ka yi daidai za ka ga siffar lamba 8. Ya fi ƙullin nan na kullum girma, kuma bayan ya sha ja ya fi shi saurin kwancewa.

Ƙullin dama da hagu

Shi ake ɗaure ƙunshi da shi, da bandeji, da bakin ɗankwalin da aka ƙulle kaya a ciki. Riƙe baki ɗaya a kowane hannu. Ɗora na dama a kan na hagu, ka zagaya ta ƙasa. Yanzu sun sauya wuri. Ɗora na hagu a kan na dama, ka zagaya ta ƙasa. Ja duka. Dubi ƙullin: ya kwanta shafal, kowace wutsiya tana kwance a gefen jikinta. Idan ka yi dama kan hagu sau biyu, wutsiyoyin za su fito a karkace, kuma wannan shi ne ƙullin da ko dai ya zame ko ya ƙame sai da haƙori. Yawancin masu kukan igiyar takalminsu tana kwancewa, wannan karkataccen suke yi.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Matuƙan jiragen ruwa na dā sun yi amfani da shi wajen naɗe filafilan jirgi, wato ɗaure abu a ƙunshe, inda ƙullin ke kwance a jikin abin. Ba a yi shi don haɗa igiya biyu da za su ɗauki nauyi ba. Idan aka fizgi wutsiya ɗaya, sai ya juye ya zare gaba ɗaya. Kada ka ƙara tsawon igiyar guga da shi.

Ƙullin masaƙa

Ga na haɗa igiya biyu, musamman idan ɗaya ta fi ɗaya kauri. Shi ne ƙullin da masaƙa ke haɗa zare da shi idan ya tsinke, kuma da shi ake saƙa idon taru. Yi lanƙwasa da mai kaurin, ka riƙe a hannun hagu. Shigo da bakin siririyar ta ƙasa, ya fito cikin lanƙwasar. Haye da shi ta gefen guntuwar ƙafar lanƙwasar, ka zagaya ta bayan ƙafafun biyu. Da ya fito ta ɗaya gefen, kada ka mayar da shi cikin lanƙwasar. Cusa shi ƙarƙashin kansa, wato tsakanin siririyar da mai kaurin. Ja a hankali har ya zauna. Wutsiyoyi biyun su fito ta gefe ɗaya. Idan sun fito a gefe daban-daban, kwance ka sake, wannan ba shi da aminci. Ga igiya mai santsi, ko idan bambancin kaurin ya yi yawa, zagaya sau biyu kafin ka cusa.

Ƙullin wuya

A nan zan daɗe, domin wannan ne mahaifina ya nuna mini. Turawa suna kiransa bolin. Aikinsa ya ba ka zobe mai girma ɗaya tak, wanda ba ya matsewa komai ƙarfin ja, ba ya kuma buɗewa.

Fara gwadawa da ƙafar kujera ko kugunka, ba da dabba ba. Zagaya da baki ta bayan abin, ka bar masa tsawo isasshe. Yanzu koma kan jiki, ka yi ƙaramin zobe wanda bai fi shigar yatsa uku ba. Wurin da mutane ke ɓata shi ke nan, don haka lura: ɓangaren da ya nufi wuyan dabba shi ne zai kasance a sama, wanda ya nufi turke yana ƙasa. Ɗauko baki ka shigo da shi cikin ƙaramin zoben daga ƙasa. Zagaya da shi ta bayan jikin da ya nufi turke. Dawo da shi ka mayar cikin ƙaramin zoben ta inda ya fito. Ga yara nakan ce gafiya ta fito daga rami, ta zagaya bishiya, ta koma raminta. Sannan riƙe wutsiya tare da gefen babban zoben da take kwance kusa da shi a hannu ɗaya, jiki a ɗaya hannun, ka ja.

Gwada shi. Sa ƙafa cikin babban zoben ka ja da ƙarfi. Idan girmansa bai canja ba, ka samu. Idan ya matse ko ya warware, ƙaramin zobenka ne ya juya.

A wuyan rago ko akuya, bar sararin da yatsunka uku za su shiga, ba mai faɗin da kai zai zare ba. Wutsiya kada ta gaza faɗin tafin hannu. Aibin wannan ƙulli shi ne idan babu nauyi a kansa kuma ana ta girgiza shi, kamar yadda dabba ke yi, yana iya sassautawa, musamman a sabuwar igiyar roba. Maganinsa sauƙi ne: ƙulla wutsiyar a jikin babban zoben da ƙulli ɗaya na kullum. Kwancewa kuwa, ko saniya ce ta ja shi, juya ƙullin ka tura 'yar lanƙwasar da ta rungumi jiki baya da babban yatsa, zai saki. Sai dai ba ya kwancewa muddin ana jansa, dole a sassauta tukuna.

Ko da wannan ƙulli, ka dubi wurin da za ka yi talala. Kada a sami katanga ko shinge kusa da dabba za ta tsallaka ta rataye, ko bishiyar da za ta naɗe igiya a kai. Zarge yana da wurinsa, wajen ɗaure bakin buhu ko kamo dabbar da ta ƙwace na ɗan lokaci. Amma ba a barin abu mai rai ya kwana da zarge a wuya.

Ɗaurin turke

Ɗaya bakin fa, wanda na cika da ƙulli huɗu? Ga abin da ya kamata. Naɗa baki a turke sau biyu cikakku. Wannan naɗin shi ke ɗaukar yawancin nauyin, har za ka ji jan ya ragu a hannunka. Sannan ɗora baki a kan jiki, zagaya ta ƙasa, ka fito da shi ta sararin da ke tsakanin turke da inda ka haye. Wannan rabin ƙulli ke nan. Yi na biyu a gabansa, ta gefen da ka bi da farko. Shi ke nan. Falalarsa ita ce ana iya kwance shi ko da dabba tana ja, domin naɗin biyu yana riƙe da ita har ka gama. Idan kana son saurin kwancewa, a rabin ƙulli na ƙarshe ka cusa lanƙwasa a maimakon baki, fizga ɗaya ta isa. Amma awaki suna tauna wutsiya, kuma akwai wadda za ta kwance kanta, don haka wannan na tsayuwar ɗan lokaci ne. Da ɗaurin turke nake ɗaure igiyar shanya, da hannun guga, masunta ma suna iya tsayar da kwale-kwale da shi a gaɓa.

Ɗaurin gicciye da haɗa sanduna

Naɗa baki a sanda sau ɗaya. Haye kan naɗin farko a gicciye, ka sake naɗawa. Cusa baki ƙarƙashin naɗi na biyu. Za ka ga layi biyu da ɗaya a gicciye a kansu. Yana da sauri, ana iya matsar da shi sama ko ƙasa, amma shi kaɗai ba abin dogaro ba ne idan sandar tana juyawa ko ana fizga.

Inda yake da daraja shi ne kafa rumfa ko shinge ba tare da ƙusa ba. Fara da ɗaurin gicciye a tsayayyar sanda, daidai ƙasan inda kwantacciyar za ta zauna. Bi da igiya ta gaban kwantacciya, ta bayan tsayayya, ta gaban kwantacciya a ɗaya gefen, ta bayan tsayayya kuma, ka yi haka sau uku ko huɗu, kana tamkewa kowane zagaye. Sannan abin da da yawa ke mantawa: naɗa igiyar sau biyu ko uku a tsakanin sandunan biyu, a kan naɗin da ka yi, ba a jikin itace ba. Wannan ne ke shaƙe ɗaurin ya hana shi motsi. Rufe da wani ɗaurin gicciye a kwantacciyar sanda.

Ɗaurin lodi

Duk wanda ya tsaya a tasha ya ga yaran mota suna tamke kaya a bayan akori-kura ya ga wannan, ko wani nau'insa. Yana ninka ƙarfin hannunka. A lissafi ninki uku ne, amma gugar igiya da igiya tana cin kaso mai yawa, abin da ke zuwa hannu bai kai haka ba. Duk da haka ya isa ya tamke lodi kamar huhun goro.

Ɗaure baki ɗaya a ƙarfen mota da ɗaurin turke ko ƙullin wuya. Jefa igiyar ta kan kaya zuwa ɗaya gefen. A jikin igiyar, kamar kamu ɗaya ko biyu sama da ƙugiyar da za ka ɗaure, murɗa ƙaramin zobe. Ɗauko lanƙwasa daga ɓangaren ƙasa, wanda ya nufi baki, ka cusa cikin zoben ka ja ta zauna, ta zama sabon zobe. Ɓangaren ƙasa na ce. Idan ka ɗauko daga sama, zoben zai rufe ya danne igiyarka da zarar ka ja. Yanzu kai baki ka zagaya ƙugiyar, ka dawo da shi sama, ka cusa cikin sabon zoben da ka yi, ka ja ƙasa da nauyin jikinka. Idan ya tamku, matse wurin da igiya ta ratsa zoben da yatsu biyu don kada ta koma, ka yi rabin ƙulli biyu a ƙasansa.

Kwali da jarkar roba suna iya fashewa da wannan ja, sa katako ko tsumma a kusurwa. Bakin ƙarfe mai kaifi kuma yana yanka igiya a hanya, shi ma a sa masa tsumma. Bayan tafiyar 'yan kilomita a tsaya a duba, domin kaya suna zama, igiya ta yi sako-sako. Na sha ganin buhuna a tsakiyar titi saboda wannan dubawa ɗaya da ba a yi ba.

Ajiya da tsaron kai

Yawancin igiyoyin tufka na kanti masu sili uku, naɗewa ake yi ta yadda hannun agogo ke tafiya. Idan ka bi akasin haka sai ta yi ta murɗewa tana harɗewa. Shanya ta ta bushe kafin ajiya, ka rataye a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara da ɓera, nesa da ruwan batir. Lokaci-lokaci ka murɗa silin baya ka leƙa ciki. Idan ka ga gari yana zuba, ko igiyar roba ta koɗe tana karcewa a hannu, ta gama aikin nauyi. Igiyar guga a wurin da take gugar bakin rijiya take mutuwa, nan za ka fi dubawa.

Kada ka taɓa naɗa igiya a hannu ko a yatsa idan sa ko doki ne a ɗaya bakin. Riƙe ta a ninke, yadda za ka iya saki. Idan ana jan mota da nailan, kowa ya kauce daga layin igiyar, domin ta miƙe ta tara ƙarfi, in ta tsinke dawowa take yi kamar bulala. Kuma babu ɗaya cikin abin da na nuna da ya ba ka izinin zura mutum cikin rijiya da igiyar kasuwa. Igiyar ɗaukar rai daban ake yin ta, kuma a ƙasan rijiya akwai haɗarin gurɓatacciyar iska da babu ƙullin da ke maganinta.

Game da koyo, kada ka kwashi bakwai ɗin rana ɗaya. Ɗauki ƙullin wuya da ɗaurin turke tukuna, ka yi kowanne sau goma da safe, sau goma da dare, har mako guda. Sannan ka gwada ido a rufe, ka gwada da jiƙaƙƙiyar igiya, ka gwada abin yana gabanka, ka gwada yana gefenka, domin rago ba zai tsaya maka yadda kujera ta tsaya ba. Idan hannunka ya riga tunaninka, sai ka ƙara ƙullin masaƙa.